Ka danna "fita", amma ka fita kuwa?

Duk wanda ya taɓa gina shafin da mutane ke shiga da suna da kalmar sirri ya san inda hankalinmu yake tafiya. Kan kalmar sirrin ne. A niƙa ta da bcrypt ko Argon2 yadda ba za ta karantu ba kafin a ajiye, a tilasta wa mutum ya sa babban baƙi da lamba da alama, a ƙara masa wata lambar da za ta shigo wayarsa, duk wannan daidai ne ba na musu. Amma fa kalmar sirri sau ɗaya ake tambayarta. Daga nan har mutum ya rufe kwamfutarsa, abin da ke tsaya masa a gaban saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, wani ɗan guntun rubutu ne da burauzarsa take turawa tare da kowace buƙata, shi ne seshan, kuma yawancinmu ba mu muka rubuta yadda yake aiki ba, firemwok, wato tsarin lambobin da muka gina shafin a kai irin su Django ko Rails, shi ne ya yanke mana hukunci mu kuma muka ce to.

Asalin abin kuwa HTTP, wato ƙa'idar da burauza da saba suke magana da ita, ba shi da tunani sam. Ka buɗe shafi yanzu ka sake buɗe wani bayan daƙiƙa ɗaya, saba ba ta san kai ne na ɗazu ba. A 1994 Lou Montulli yana aiki a Netscape ya ƙirƙiro kuki don magance wannan, saba ta ba burauza wani abu ta riƙe, burauza ta dinga maido shi duk lokacin da ta dawo. Kamar katin ɗakin otal ne, a wajen masu karɓar baƙi aka duba fuskarka da takardunka, amma ƙofar ɗakin ba ta san fuskarka ba, katin kawai ta sani, duk wanda ya riƙe shi ta buɗe masa. To tambayar da nake ganin ya kamata a yi wa kowane firemwok kafin a fara yaba saurinsa ita ce, in katin nan ya faɗa hannun wani, kai mai saba kana da ikon kashe shi nan take ko sai dai ka zauna kana kallo?

Bari in fara da tsohuwar cuta wadda har yanzu ba ta mutu ba. A Disamban 2002 wani mai bincike Mitja Kolšek na kamfanin ACROS ya yi bayanin wata dabara, maimakon ɗan kutse ya sace lambar seshan ɗinka bayan ka shiga, sai ya ba ka tasa kafin ka shiga. Ya buɗe shafin da kansa ya karɓi lamba, ya san yadda ya yi ya dasa ta a burauzarka, kai kuma ka zo ka shiga da kalmar sirrinka lafiya lau, saba ta ɗauki wannan lambar ta ce yanzu ta wane ce. Shikenan, shi ma yana ciki, bai ga kalmar sirrinka ba bai ma neme ta ba. Maganin layi ɗaya ne wallahi, da zarar mutum ya shiga a jefar da tsohuwar lamba a ba shi sabuwa. Django yana yi da kansa a cikin login(), Spring Security ma haka. A PHP sai ka tuna da kanka ka kira session_regenerate_id(true), in ka manta babu mai tuna maka, kuma abin haushin shi ne PHP a yadda yake zuwa yana karɓar lambar seshan ko da ba shi ya ƙirƙire ta ba, ka rubuta duk abin da ka ga dama a PHPSESSID zai buɗe maka seshan da wannan sunan. Masu PHP sun kawo session.use_strict_mode a sigar 5.5.2 a 2013 don toshe wannan amma suka bar shi a kashe don kada tsofaffin shafuka su lalace. Passport kuwa, laburaren shiga wanda kusan duk mai firemwok ɗin Express ya taɓa amfani da shi, sai a sigar 0.6.0 a 2022 ya fara sabunta seshan da kansa lokacin shiga da fita. Lissafa ka gani, kusan shekara 20 bayan an bayyana matsalar.

Na san me wani zai ce, ai yanzu babu mai sa lambar seshan a adireshin shafi kamar zamanin ;jsessionid, to ta ina ɗan kutse zai dasa kuki a burauzar wani? Ta ƙaramin yanki mana. In shafinka yana kan example.com kuma akwai wani tsohon blog.example.com da aka manta da shi ko wani wuri da kake barin masu amfani su ɗora abinsu, wannan ƙaramin yankin zai iya rubuta kuki da zai tafi har babban shafin, saba kuma ba ta da hanyar gane daga ina kukin ya fito don sunan kukin da abin da ke cikinsa kawai burauza take turawa. GitHub da kansu sai da suka kwashe shafukan Pages daga github.com zuwa github.io a 2013 saboda irin wannan. Yanzu akwai sauƙi, ka fara sunan kukinka da __Host- burauza za ta ƙi yarda wani yanki ya rubuta shi, amma firemwok nawa ne suke zuwa da wannan a kunne?

Wannan dai mai sauƙin gyara ne. Inda nake son mu daɗe shi ne wurin da ake ajiye seshan ɗin kansa, don a nan ne nake ganin aka yi cinikin da yawancinmu ba mu san an yi a madadinmu ba.

Hanya biyu ce. Ko dai saba ta ajiye bayanan a wajenta, a databes ko Redis ko fayil, ta ba burauza lamba kawai wadda ba ta da ma'ana ita kaɗai. Ko kuma a tattara bayanan gaba ɗaya, wane ne kai, kana da ikon admin ko babu, a buga musu hatimi da wani makullin sirri a miƙa wa burauza ta riƙe. Ta biyun tana da daɗi ba ƙarya, babu zuwa databes a kowace buƙata, ka ƙara saba goma ba sai sun yi magana da juna ba, ba ka da tebur mai cika da matattun seshan. Shi ya sa Rails ya mayar da ita hanyarsa ta asali tun sigar 2.0 a 2007, Flask ma haka yake zuwa, Django yana da ita in ka zaɓa, sannan ga JWT, wani tokin mai hatimi da ke ɗauke da bayanan mutum, da ya zama kamar dole a kowane darasin YouTube. Amma ka tsaya ka yi tunani, in saba ba ta ajiye komai ba, me take gogewa in mutum ya danna fita? Babu. Abin da kawai take yi shi ne ta roƙi burauza ta jefar da kukin. Burauzarka mai ladabi ce za ta jefar. Wanda ya riga ya kwafi kukin fa? Nasa yana nan da hatimi mai kyau, saba za ta duba hatimin ta ga nata ne ta buɗe masa, yau da gobe da jibi har ranar da wa'adin ya cika in ma an sa wa'adin. Takardun Django sun faɗi wannan ɓaro-ɓaro a wajen bayanin seshan na kuki, ba ɓoyewa suka yi ba, mu ne ba ma karantawa.

Kuma hatimi ba rufi ba ne, wannan ma yana rikita sababbin shiga. Kukin Flask an buga masa hatimi don kada a canza shi, amma duk wanda ya kwafe shi ya warware base64 zai karanta abin da ke ciki tas. Rails sai a sigar 4 a 2013 ya fara rufe abin da ke ciki. Don haka in ka taɓa zuba wani abu na sirri a session na Flask kana ganin a saba yake, to yana aljihun mai amfani.

Sai makullin kansa. Duk tsaron wannan tsarin a kan kalma ɗaya ya rataya, SECRET_KEY ko APP_KEY ko secret_key_base ko duk sunan da aka ba shi, wanda ya san shi zai ƙera wa kansa kuki ya rubuta ni ne admin ya buga hatimi ya shigo ta ƙofar gaba. Kuma mutane kwafa suke yi, wannan halin ɗan Adam ne. Misalin da ke takardun express-session yana da 'keyboard cat' a matsayin makulli, ka je ka bincika GitHub ka ga manhajoji nawa ne suka tafi aiki da shi a haka. A 2023 masu bincike na Horizon3 suka duba Apache Superset, wanda a kan Flask aka gina shi, suka tarar cikin sabobi sama da 3,000 da ke buɗe a intanet kusan kashi biyu cikin uku suna amfani da makullin da manhajar ta zo da shi, wanda kowa zai iya gani a lambobinta. Gyaran da aka yi a sigar 2.1 shi ne abin da ya kamata tun farko, in ka bar makullin asali manhajar ta ƙi tashi kwata-kwata. Apache Shiro ma ya yi nasa, makullin AES na kukin rememberMe a rubuce yake a cikin lambobin har zuwa sigar 1.2.4, aka ba ɓarakar lambar CVE-2016-4437 kuma an daɗe ana cin mutane da shi. A Fabrairun 2025 Microsoft suka ce sun gano makullan ASP.NET sama da 3,000 a warwatse a fili, a takardun koyarwa da wuraren ajiye lambobi, mutane suna kwafa suna sawa a shafukansu na gaske.

Abin bai tsaya a zama admin ba ma. Wasu firemwok ɗin a da suna nannaɗe bayanan seshan da pickle a Python ko Marshal a Ruby, su kuma waɗannan in ka ba su abin da aka ƙera da mugunta ba karantawa kawai suke yi ba, aiwatarwa suke yi. Ma'ana wanda ya samu makullin ya samu sabar gaba ɗaya. Django ya koma JSON a sigar 1.6 a 2013 saboda haka, amma PickleSerializer bai fita daga cikinsa ba sai a 5.0. A 2017 an samu irin wannan a GitHub Enterprise, makullin seshan na shafin gudanarwa ya kasance iri ɗaya a ko'ina ga kuma Marshal a bayansa. In injiniyoyin GitHub za su faɗa wannan ramin to ni da kai sai mu rage cika baki. JWT kuwa nasa labarin daban, a 2015 Tim McLean ya nuna laburare da yawa suna karɓar tokin da ya ce alg ɗinsa none ne, wato tokin ya ce ni ba ni da hatimi kuma a yarda da ni, su kuma su yarda.

To yanzu wani zai ce duk wannan sai an sace kukin tukuna, ni kuwa na sa HTTPS na sa HttpOnly na sa Secure. Madalla, ka kyauta. HttpOnly tun 2002 yake, Microsoft suka kawo shi a Internet Explorer 6, yana hana JavaScript karanta kukin. HTTPS a ko'ina kuwa sai da Eric Butler ya saki Firesheep a Oktoban 2010, ɗan ƙari a Firefox da ke nuna maka hotunan mutanen da kuke waifai ɗaya ka danna ka zama su a Facebook ko Twitter, sannan manyan kamfanoni suka farka. Chrome 80 a 2020 ya mayar da SameSite=Lax na asali, saitin da ke taƙaita tura kukin in buƙatar daga wani shafi ta fito. Duk sun taimaka. Amma satar yau ba a kan hanya ake yinta ba, daga cikin kwamfutar mutum ake ɗauka ko kuma shi da kansa ya miƙa bai sani ba.

Duba CircleCI, kamfanin da ke gwada wa mutane lambobinsu, a Disamban 2022 muguwar manhaja ta shiga laftof ɗin wani injiniyansu ta ɗauke kukin seshan wanda ya riga ya wuce matakin tabbatarwa na biyu, ƙarshenta sai da suka ce wa duk kwastomominsu su canza duk wani sirri da suka ajiye a wajensu. A 2021 waɗanda suka kutsa kamfanin wasanni na EA sun ce dala 10 suka sayi kukin Slack na wani ma'aikaci. Na Okta, masu kula wa kamfanoni da harkar shiga, a Oktoban 2023 ya fi ba ni mamaki, masu taimakon kwastoma suna cewa turo mana fayil ɗin HAR mu ga matsalarka, shi kuma HAR rikodin duk abin da burauza ta aika ne har da kuki, ɓarayi suka shiga wurin ajiyar suka kwashi seshan masu rai, Cloudflare da 1Password da BeyondTrust duk sun ga alamar hakan a wajensu. HackerOne ma, kamfanin da gano ɓarakar tsaro ce sana'arsa, a 2019 wani ma'aikacinsu ya kwafo umarnin curl, manhajar tura buƙata zuwa saba ba tare da burauza ba, ya liƙa wa mai bincike a amsa da kukinsa a ciki, suka biya mutumin dala 20,000. Babu ɗaya cikin waɗannan da lambar waya ko manhajar tabbatarwa za ta hana, don an riga an wuce wajen.

Ɓarakar da aka laƙaba wa Citrix Bleed ita ta fi fito da abin da nake faɗa. An saki gyara a Oktoban 2023 na wannan ɓaraka a na'urar NetScaler ta kamfanin Citrix da ke zubo abin da ke ƙwaƙwalwar na'urar har da tokin seshan, masu binciken tsaro na Mandiant suka ce tun ƙarshen Agusta ake amfani da ita, kuma suka yi ta gargaɗi cewa sa gyaran kaɗai bai isa ba, sai ka kashe duk seshan da ke raye don waɗanda aka sace kafin gyaran suna nan suna aiki. 'Yan LockBit, gungun masu kutse don karɓar kuɗin fansa, ta nan suka shiga Boeing. To ka ɗauka irin wannan ranar ta zo maka a manhajarka, wane umarni za ka buga? In seshan ɗinka a tebur suke, layi ɗaya ne ka goge na mutum ɗaya ko na kowa. In a kuki suke, abin da ya rage maka shi ne canza makullin sirri ka kori kowa da kowa lokaci ɗaya, mai laifi da marar laifi, kuma ka yi addu'a ba a yi amfani da makullin nan wajen rufe wasu bayanan a databes ba, don a Laravel misali APP_KEY ɗin shi ne dai na rufe sauran abubuwa.

Akwai dabarun tsaka-tsaki kuma wasu firemwok sun yi ƙoƙari, in ba su haƙƙinsu. Django yana saka wani ɗan hatimi da aka samo daga kalmar sirrin mutum a cikin seshan, in ya canza kalmar sirri duk sauran seshan ɗinsa sun mutu, Devise na Rails ma yana yin kusan haka. Laravel yana da logoutOtherDevices amma sai ka kunna AuthenticateSession da hannunka. In kai ka rubuta naka da JWT to babu ko ɗaya, mutum zai ga alamar an shiga asusunsa ya ruga ya canza kalmar sirri hankalinsa ya kwanta, ɓarawon kuma yana ciki yana kallonsa. Masu JWT za su ce ai sai a yi jerin tokin da aka soke a dinga dubawa. To malam in kana duba jeri a kowace buƙata ai ka dawo seshan na saba kenan, sai dai ka biyo ta doguwar hanya kuma ka rubuta da kanka abin da firemwok ya shekara goma yana gyarawa. Ni abin da ya burge ni shi ne Rails 8 da ya fito a ƙarshen 2024, janaretan shigarsa tebur yake ƙirƙira mai suna sessions a databes, kowane layi da adireshin IP da irin burauzar, kukin kuma lamba kawai yake ɗauka. Mutanen da suka yayata ajiye komai a kuki su ne suka dawo da tebur don maganar shiga.

Wa'adi ma a saba ya kamata a lissafa shi. Ranar mutuwar da ka rubuta a jikin kuki shawara ce ga burauza, ɓarawo da curl ba ruwansa da ita. Django sati biyu yake bayarwa in ba ka taɓa ba. PHP yana da gc_maxlifetime na daƙiƙa 1440 wato minti 24, mutane suna ɗauka wa'adi ne alhali share-share ne da ake yi bisa caca, a shafin da ba shi da baƙi sosai fayil ɗin zai iya kwana da kwanaki. OWASP, ƙungiyar masu tsaron manhajojin yanar gizo, suna ba da shawarar minti 15 zuwa 30 na rashin motsi ga shafi na yau da kullum, minti 2 zuwa 5 ga mai haɗari kamar na kuɗi, da kuma iyaka ta gaba ɗaya wadda ko mutum yana motsi sai ya sake shiga. Ta biyun ce ake yawan mantawa, ita ce kuma ke hana ɓarawo raya seshan har abada ta hanyar taɓa shafin duk bayan minti biyar.

Ɗaure seshan da adireshin IP kuwa, HackerOne sun yi bayan abin da ya same su kuma ya dace da irin mutanensu, amma ga shafin da yawancin masu shigarsa da waya suke, IP yana canzawa suna tafe, za ka yi ta korar mutanen kirki ne. Google sun sanar a 2024 suna aiki a kan wani tsari da ake kira DBSC da zai ɗaure seshan da makullin da ke cikin na'urar wanda ba ya kwafuwa, in ya yaɗu zai rage kasuwar kukin sata sosai, amma sai saba ta goyi baya, wato aikin zai sake dawowa kan firemwok da mu.

Kafin nan ga gwajin da ba zai ci maka minti biyar ba. Shiga manhajarka, buɗe kayan aikin burauza ka kwafi kukin seshan, ka lura ko lambar ta canza daga yadda take kafin ka shiga. Danna fita. Sai ka ɗauki kukin da ka kwafa ka tura shi da curl zuwa shafin da sai an shiga ake gani. Ka sake yi bayan canza kalmar sirri, ka sake bayan ka dakatar da asusun daga wajen admin, wannan na ukun shi ne wanda ake buƙata ranar da aka sallami ma'aikaci. In shafin ya dawo maka da 200, wato alamar an amince, da bayanan mutum a ko ɗaya daga ciki, je ka buɗe saitin seshan na firemwok ɗinka ka ga a ina yake ajiye su.